Kullen da Baban Chizuru Ya Fasa

Talata, 16 ga Janairu, da yamma

'Yan sanda sun tafi da Baban Chizuru yau da safe. Na rubuta ne don in gan shi a takarda, ko zai shiga kaina. Bai shiga ba.

Ko shayinsa bai ƙarasa ba. Da ladabi suka shigo, sai da suka cire takalma kafin su hau sama inda muke kwana, ɗayansu har da ba ni haƙuri wai sun shigo mana da sanyi. Daga nan suka nuna takarda, suka fara kwasa. Duk wata na'urar wasa da ke shago sun zuba a kwali, ta sayarwa da ta masu kawo gyara. Sun haɗa da kwamfutarsa da wayarsa, har ƙarfen da yake narka dalma da shi. Wai yana fasa kullen da kamfani ya sa wa na'ura, ta koma tana karɓar kowane irin wasa, sannan ya sayar ta intanet. Wai doka ta hana.

Da za su fita da shi ya waiwayo ya ce, "Mitsue, ki kashe murhun kananzir ɗin nan." Kusan shekara arba'in da aure, abin da ya samu faɗa mini ke nan.

Na kashe.

Laraba, 17 ga Janairu, da rana

Na kai masa kaya can ofishin 'yan sanda. Sun dawo mini da wandon barcinsa saboda yana da mazagi. Maganin zuciyarsa ma ba su karɓa ba, wai likitansu zai ba shi nasu. Ba su bari na gan shi ba.

Ƙungiyar 'yan kasuwar layinmu ta samo mana lauya, Hatanaka, yarinya ce sa'ar Chizuru. Ta zauna a shagon da ba komai sai kantoci, ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro ƙirga.

"Mama, gyara ba laifi ba ne. Fasa kullen da sayarwar, nan ne matsalar. An gyara dokar 'yan shekarun baya."

Na ce, "To ni ki fahimtar da ni. Mutum ya shiga kanti ya biya kuɗinsa ya ɗauko na'ura. Ta wa ce?"

"Robar da ƙarfen nasa ne. Abin da ke ciki kuwa, kamar aro aka ba shi."

"Aro? Da kuɗinsa?"

Ta yi murmushi ta ce Baba ma haka ya ce mata, sai dai shi da ƙarfi ya faɗa.

Chizuru ta kira daga Kyoto tana kuka. Ita kaɗai muka haifa. Ta ce za ta zo ranar Asabar. Ban tambaye ta mijinta Ryuhei ba, ita ma ba ta ambace shi ba.

Alhamis, 18 ga Janairu, da yamma

An nuna mu a talabijin. Ina shagon Fusako mai taliya, tsallaken titi, don ta rantse ba za ta bar ni in ci abinci ni kaɗai ba. Sai ga na'urorinmu an jera a kan shuɗin tampol, layi-layi, manya a baya, ƙanana a gaba, kowace da wayarta a naɗe. Kyamara ta matso, na ga 'yan takardun da nake liƙa wa kayan gyara, rubutun hannuna, sunan mai kaya da abin da ke damun na'urar. Duk Osaka ta ga yadda nake rubutu a karkace.

Suka ce "Kurahashi Katsumi, mai shago a Nipponbashi". Na daɗe ban ji cikakken sunansa a bakin wani ba.

Masu cin taliya suka waiwayo suna kallona. Fusako ta kashe talabijin ɗin ta ce, "Ke Mitsue, tun da na san shagonku ban taɓa ganin kayanku a kintse haka ba. In sun gama bincike ki ɗauke su aiki."

Na yi dariya har romo ya sarƙe ni. Daga nan abin ya juye kuka, ta ba ni tawul ɗin kafaɗarta.

Juma'a, 19 ga Janairu, da safe

Sanyi. Ban ɗaga ƙofar shago ba.

Asabar, 20 ga Janairu, da yamma

Chizuru ta zo. Ita kaɗai.

Tana shigowa ta tsaya tana kallon ƙarƙashin kanta. Nan ta girma. Nan nake shimfiɗa mata bargo lokacin tana rarrafe, ta yi barci cikin ƙarar wasanni, in an kashe su ne take farkawa. Haƙoranta na farko a jikin wani tsohon kaset ta gwada su.

Mun yi ta zancen da ba shi ne ba, maganin Baba, kuɗin wuta, ko in koma wurinsu na ɗan lokaci. Can sai ta ce, "Mama, kina tunanin shi ne ya kai ƙara?"

"Ni ban ce komai ba."

"Shirun naki ai ya ce."

Gara in rubuta abin da ya faru ranar sabuwar shekara, tunda shi nake ta juyawa. Ryuhei a dā mai ƙera wasanni ne. Shi da abokansa suka kafa ɗan kamfani, suka yi shekaru a kan wasa guda, Mai Fito, labarin wani tsoho mai ƙetarar da mutane kogi. Ba a taɓa buga shi a kaset ba, a kasuwar intanet ta masu na'urar kawai ake sayensa. Mutane suka so shi, amma galibi kwafa suka yi kyauta da na'urorin da aka fasa. Kamfanin ya durƙushe. Yanzu a ofishin inshora yake aikin kwamfuta, ba ya son ko zancen.

To ranar sabuwar shekara an ɗan sha, Baban Chizuru ya fara wa'azinsa na kullum, cewa abin da mutum ya saya nasa ne, in ya ga dama ya buɗe, in ya ga dama ya jefa a kogi. Ryuhei ya ajiye kofi ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma irinku ne kuka kashe mu." Baban Chizuru ya ce, "Ni ban taɓa kashe abin da ke aiki ba." Suka tashi tun kafin in kawo lemo.

Bayan sati biyu 'yan sanda suka zo. Iyakar abin da na sani ke nan. Ban ce komai ba.

Litinin, 22 ga Janairu, da rana

Na gan shi. Gilashi a tsakaninmu mai 'yan huji-huji, ga wani jami'i a bayansa yana rubuta duk abin da muka ce. Gemu ya fito masa fari fat. Ban san gemunsa ya yi fari haka ba, kullum yana askewa.

Maganarsa ta farko: "Masu kaya sun zo?"

"Lafiyata ƙalau, na gode da ka tambaya."

"Ai na ga lafiyarki, kin ma ƙara kumatu. Fusako na ɗura miki taliya ko?"

Lauya ta riga ta gaya mini yadda abin yake. In ya amsa laifi ya sa hannu, mai yiwuwa tara za a ci shi a sake shi. In ya ƙi, za a ƙara tsare shi, a kai ga shari'a. Na ce masa ya sa hannu.

Ya ce, "Sun rubuta wai na yi nadama. Ban yi ba. In sa hannu a kan ƙarya?"

"Ka sha sa hannu a kan ƙarya. Ka manta alkawarin da ka yi wa likita kan taba?"

Jami'in ya sunkuyar da kai, ina jin dariya yake ɓoyewa. Baban Chizuru bai yi dariya ba. Ya ce, "Mitsue, mutum ya sayi wasa, kamfani ya rufe kasuwarsa, na'urar ta tsufa, wasan ya ɓace. Ya zo wurina. In ce masa me? Ya je ya sayi sabuwa, ya sake biya, in ma akwai?"

Na ce ba ni zai gaya wa wannan ba, ni na ji shi ya fi sau dubu. Lokaci ya cika. Yana tari.

Talata, 23 ga Janairu, da hantsi

Na share shagon ko da yake ba abin sharewa. Inda kowace na'ura ta zauna ta bar sawunta a katako, wuri mai haske, kewaye da duhu.

Lokacin da muka kama wurin nan rediyo da kaset yake gyarawa. Da gyaran rediyon mahaifina muka haɗu. Ya dawo da ita sau uku wai bai gamsu da muryarta ba, har mahaifina ya ce, "Yaron nan, rediyon kake nema ko mai rediyon?"

Sannan wasanni suka shigo. Kai, layin nan a lokacin! Ranar Asabar ba ka ganin kwalta don mutane. Daga tashar jirgi har ƙarshen titi shagunan lantarki ne, kowa da lasifikarsa. 'Yan makaranta su cika mana shago da jakunkuna a baya, kowa na hura bakin kaset da iska wai don ya kama, Baban Chizuru na ta faɗa, "Kar ku tofa masa yawu, ku kawo in goge!" Ba mai jin sa. Ya sa talabijin a bakin ƙofa, duk wanda ya ci shi wasa a gyara masa kyauta. Ba a cika cin sa ba, sai in ya ga yaron ba shi da ko sisi, ranar nan hannunsa kan yi nauyi.

A wancan zamanin in ka sayi abu, takardar yadda aka haɗa cikinsa ma wani lokaci tana cikin kwalin. Ka kwance, ka gyara, ka ara wa maƙwabci, ka bar wa ƙaninka. Ba wanda ya taɓa tambayar na wa ne. Ban san ranar da aka fara sa kusoshin da sukundireba ba ta kamawa ba. Na dai tuna ranar da ya fara cin karo da su, ya zauna yana kallon na'urar kamar wanda aka rufe wa ƙofa a fuska. Kafin yamma ya goge wani tsohon ƙarfe ya yi wa kansa makama.

Yanzu hagu da dama otal ne da shagunan 'yan tsana. Cikin tsofaffin layin, mu da Fusako da mai agogo muka rage, shi ma mai agogon ba ya ji sosai.

Alhamis, 25 ga Janairu, da yamma

An yi ta buga ƙofar ƙarfe da sanda har na sauko. Dattijo Isogai ne, tsohon direban babbar mota. Shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama. Baban Chizuru ya mayar masa da maɓallan na'urarsa gefe guda, ya haɗa masa abin takawa da ƙafa, kuma sai da ya fasa kullen kafin na'urar ta yarda da su. Ya kawo ta a canja batir, 'yan sanda suka haɗa da ita.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga sanda. "Uwargida, ba ita na zo nema ba. Ina ne ake zuwa a yi magana? Ni zan je in gaya musu. Matata ta rasu, hannu ya tafi, yini nake ina kallon bango. Mijinki ya ba ni abin tashi da safe."

Na ba shi lambar lauya, na kawo masa shayi. Yana sha ya ce, "Abin da ya fi ci mini rai, saura ƙiris in ƙetare kogi na biyar."

"Wane kogi?"

"Na wasan tsohon nan mai kwale-kwale mana. Mai Fito. Ai duk na'urar da ta fita daga hannun mijinki sai ya sa mata shi, ko ka ce ko ba ka ce ba. Kyauta. Har yakan ce, ka buga wannan tukuna, sannan ka zo mu yi maganar wasa."

Na riƙe butar shayi ban san ina ta zubawa ba sai da shayin ya cika farantin kofin.

Ni takarda nake liƙawa, in karɓi kuɗi. Ban taɓa leƙa abin da ke ciki ba.

Juma'a, 26 ga Janairu, da rana

Alƙali ya ƙara masa kwanakin tsarewa. Ryuhei bai kira ba.

Litinin, 29 ga Janairu, da yamma

Na je ganinsa. Tarin ya ƙaru. Ya ce bargo biyu suke ba su, kada in damu. Idanunsa sun faɗa.

Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Isogai ya zo. Ya ce ya kusa ƙetare kogi na biyar."

Ya kalli tebur.

"Wasan surukinka kake rabawa mutane? Bayan ka san abin da ya rusa shi ke nan?"

"Lokacin da ake sayar da shi ban taɓa kwafa ba, ko sau ɗaya. Ni da kuɗina na saya, ranar da ya fito. Kin manta?"

Ban manta ba. Ya rufe shago da wuri ranar, ya hana ni magana.

"To an rufe kasuwar, Mitsue. Yau ko kin zo da buhun kuɗi ba inda za ki saye shi. Yaron nan ya zuba ƙuruciyarsa a ciki. Duk na'urar da ta mutu, da kwafi ɗaya take tafiya. In na zura ido, nan da 'yan shekaru sai a ce ba a taɓa yin sa ba."

"Ka tambaye shi?"

"Da na tambaya cewa zai yi a'a."

"Shi ya sa ake tambaya ai."

Can ya ce a takardar da suke so ya sa wa hannu an rubuta wai ya zuba wasannin sata ne don ya ƙara wa kaya daraja ya ci riba. "In na sa hannu, na ce wasan yaron gyara ne na ɗora a kan ciniki, kamar yadda mai kifi ke ƙara maka ɗan ƙarami. Ba zan ce haka ba."

Na ce masa zuciyarsa ba ta san wannan bambancin ba. Ya ce in gaishe da Fusako.

A jirgin dawowa na wuce tasharmu ban sani ba.

Laraba, 31 ga Janairu, da safe

Na yi mafarkin layinmu ya cika, har ba wurin ajiye keke. Ban ɗaga ƙofar shago ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu, da yamma

Yau ranar bikin watsa wake, na korar sharri daga gida. Kowace shekara Baban Chizuru ke sa fuskar dodo ta takarda, ni in jefe shi da wake in kore shi waje, yana ihu har Fusako ta leƙo ta ce mu girma. Na sayo waken dai, na ajiye a kan kanta.

Da rana aka ƙwanƙwasa. Ryuhei. Shi kaɗai, da kwalin alewar Kyoto a hannu, ya rame kamar shi aka tsare. Ya tsaya a ƙofa ya rusuna, bai ɗago da wuri ba.

"Mama, na san abin da kuka yi zato."

Na ce ya shigo, sanyi na shiga.

Ba shi ya kai ƙara ba. Lauya ma ta tabbatar masa, 'yan sandan da kansu suka ga tallan a intanet, suka sayi guda kamar kowane mai saye. Shi kunya ce ta hana shi zuwa, saboda maganar da ya faɗa ranar sabuwar shekara. Sai shekaranjiya aka kira shi ofishinsu, don sun ga sunansa a ƙarshen wasan da suka tarar a kusan kowace na'ura. A nan ya fara jin labarin.

"Suka tambaye ni ko na ba da izini. Mama, ban san lokacin da bakina ya ce e ba. Na ce ni na ba shi. Sai jami'in ya duba takarda ya ce, ai ba naka ba ne da za ka bayar."

"Kamar yaya ba naka ba?"

"Da kamfaninmu ya rushe an sayar da komai. Wani kamfani a Tokyo ya saye, shi ma wani ya haɗiye shi. Ina jin su kansu ba su san suna da shi ba. Ni na zana kogin nan, muryar tsohon ma ta kakana ce na ɗauka. Amma ba nawa ba ne."

Ya ce sun miƙa masa na'ura ɗaya don ya tabbatar wasan ne. Tasa ta lalace tun tuni, ya kai shekara goma bai gan shi ba. Ya kunna, ya ji muryar kakansa tana cewa "ku shigo, ruwa ya kwanta". Bai farga ba sai da ya kai kogi na uku, jami'in na zaune yana jiransa, bai katse shi ba.

Ya goge tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Amma Mama, har yanzu ina kan bakana. Na'urorin nan da Baba ya sayar, ba wasana kaɗai za a sa musu ba. Akwai wasu yara yanzu haka a wani ɗan ɗaki suna yin irin abin da muka yi, kuma za a kwafe musu."

Na ce, "Na sani. Shi ma ya sani, taurin kai ne."

Na ce masa ya yafe mini zaton da na yi. Ya ce in ma shi ne haka zai zata.

Da zai tafi ya ga fuskar dodon a rataye. Ya ce, "Wa zai sa bana?" Na ce babu. Ya ajiye jakarsa ya ɗaura. Na jefe shi da wake, da gaske na jefa, ya ruga waje yana ihu a cikin kwat ɗinsa ta ofis. Fusako ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Wannan gida dai ba a rasa mahaukaci!"

Litinin, 5 ga Fabrairu, da yamma

Sau ɗaya ake ganinsa a yini, na bar wa Ryuhei. Na jira a benci a waje.

Ya fito yana girgiza kai. Na ce yaya?

"Na ce masa, Baba, dokar kun karya ta, wannan gaskiya ne, ku sa hannu a kan gaskiya. Maganar riba da wasana kuwa Lauya Hatanaka ta ce za ta nemi a cire. Na ce masa ni ban yafe ba kuma ban yi fushi ba, ban san sunan abin da nake ji ba, amma ba na son a ce wasana ya kashe kakan 'ya'yana a ɗakin sanyi."

Na ce, "Waɗanne 'ya'ya?"

Ya yi ja har kunne. Wai Chizuru ciki gare ta, ta ce a bari sai Baba ya fito a faɗa. Wata na uku ke nan.

Na zauna a bencin nan. Can na ce, "To shi me ya ce?"

"Cewa ya yi, kai, wane mugun ne ya tsara kogi na biyar? Na ce ni ne. Ya ce ya yi zato."

Laraba, 7 ga Fabrairu, da rana

Ya sa hannu. An ci shi tara, an sake shi. Ya fito riƙe da jakar leda, wando na zamewa. A tasi, da muka shigo layinmu, ya ce mai agogo ya canja fitilar allonsa.

Yana barci yanzu, da rana tsaka. Na leƙa ya fi a ƙirga.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, da yamma

Lauya ta ce na'urorin da ba a taɓa ba za a mayar wa masu su. Waɗanda aka fasa don sayarwa sun tafi ke nan. Ta Isogai ba a san matsayinta ba tukuna, tana kan nema. Baban Chizuru ya kira shi da kansa, na ji yana cewa, "Ka yi haƙuri, ni na ja maka." Ban ji abin da wancan ya ce ba, amma sun daɗe.

Ya zagaya shagon hannu a baya, yana taɓa kantoci. Ya ce in furannin bazara sun zube za mu sauke allo mu rufe shago. Ban yi musu ba. Na ɗauka zan yi kuka, sai na ji kamar na sauke kaya daga ka.

Fusako ta kawo taliya kwano biyu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, babban ɗan fashi. An ce abincin can ya fi na matarka."

Ya ce, "Ya fi naki dai."

Ta ce to ya kawo kwanon. Ya rungume shi.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, da hantsi

Chizuru da Ryuhei na hanya, za su ci abincin rana a nan. Na sauko in ɗora shinkafa, na nemi tukunyar lantarki na rasa.

Na same ta a shago, a kan teburin aikinsa, ciki a waje. Ya samo wata tsohuwar sukundireba a aljihun kicin, wadda 'yan sanda ba su gani ba. Ya jera kusoshin a murfin kwalba. Fuskar nan tasa ta aiki ta dawo, harshe a gefen baki, tabarau a kan hanci.

Na ce, "Baban Chizuru, me tukunyar ta yi maka?"

"Tana wani ƙara."

"Shekara nawa tana ƙaran nan ba ka ji ba sai yau da baƙi ke zuwa? Mai ciki za ka bari da yunwa?"

"Yanzu zan mayar."

Na tsaya ina kallonsa. Can na ce, "Wannan dai tamu ce ko? Ko ita ma aro aka ba mu?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kar ki tambayi lauya sai na gama."

Na je na karɓo shinkafa wurin Fusako.